Teams a burauza ko a girka manhajarsa a kwamfuta?

Duk ofishin da ya koma aiki da Microsoft Teams, manhajar hira da taron ma'aikata ta intanet, sai an yi wannan tambayar: dole ne a girka manhajar, ko shiga ta burauza ya wadatar? Amsar tana rataye da abu biyu, wato kwamfutar ta wane ne, da kuma yawan taron da ake yi da ita a mako. Wanda ke da kwamfutarsa shi kaɗai kuma kullum yana cikin taro, ya girka. Kwamfutar haɗaka ko ta aro, burauza ce ta dace da ita, ko da mutum zai ɗan sha wahala wajen saiti.

Akwai zaton da ya kamata a fara kawarwa. Da yawa suna girka manhajar ne don su samu fayilolinsu idan intanet ta yanke. Ba za su samu ba. Fayil ɗin da aka saka a tashar ƙungiya (channel) yana zaune ne a SharePoint, wanda aka tura a hira kuma yana cikin OneDrive na mai turawa, duka biyun ma'ajiyar Microsoft ce a intanet, Teams taga ce kawai da ake leƙa su. Mai son aiki da fayil babu intanet manhajar OneDrive yake bukata: ya buɗe fayilolin tashar ya danna Sync, idan jakar ta bayyana a kwamfuta ya danna mata maɓallin dama na linzami ya zaɓi Always keep on this device. In bai yi wannan na ƙarshe ba, sunayen fayiloli kawai zai gani da alamar gajimare a gefensu, ranar da layi ya yanke ko ɗaya ba zai buɗe ba.

Batun nauyi ma ba kamar da ba ne. Tsohon Teams an gina shi a kan wani inji mai suna Electron, ya kuma yi ƙaurin suna wajen cinye RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta. Sabon da ya fito a Oktoban 2023 yana aiki ne da WebView2, injin da ke cikin burauzar Edge, kuma Microsoft ta daina tallafa wa tsohon tun 1 ga Yulin 2024. Ke nan wajen karanta saƙo da amsawa, manhaja da burauza kusan abu ɗaya suke yi. Microsoft ta ce mafi ƙanƙanta manhajar na bukatar RAM 4GB da sarari 3GB. A aikace 4GB ƙunci ne: ga Windows, ga burauza da shafuka goma, ga Teams a gefe. A irin wannan kwamfutar gara Teams ya zama shafi ɗaya cikin burauzar da dama take buɗe.

Wajen taro ne manhajar take nuna amfaninta. Tana tashi tare da kwamfuta, kira yana shigowa ko da ba a buɗe komai ba, tana kuma riƙe asusu fiye da ɗaya ga mai aiki da ma'aikatu biyu. A Settings, ƙarƙashin Devices, akwai kiran gwaji da zai naɗi muryarka ya maimaita maka, ka san makirfonka na aiki kafin mutane ashirin su zauna jiranka. A burauza kuwa komai sai da izini. Makirfo da kyamara sai ka yarje musu daga alamar da ke hagu da adireshin shafi, sanarwa ma haka. A Mac nuna allo ba zai yi ba sai an ba wa burauzar kanta izinin Screen Recording a cikin Privacy & Security, sannan a rufe ta gaba ɗaya a sake buɗewa.

Abin da ya fi cutar masu burauza shi ne barcin shafi. Edge da Chrome duka suna iya kwantar da shafin da aka daɗe ba a leƙa ba domin rage cin RAM, sai saƙon gaggawa ya zo ba a ji ba. A saitin Performance na kowacce akwai jerin shafukan da ba a yarda su yi barci ba, a saka teams.microsoft.com da teams.cloud.microsoft a ciki. Idan kuma shafin shiga yana ta juyawa yana dawo da kai farko, mafi yawan lokuta an toshe kukis (cookies, ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane ka) na wasu shafuka ne, sai a buɗe wa microsoft.com da microsoftonline.com.

Yankewar murya ita ce ake yawan ɗora wa burauza laifinta, alhali sau da yawa daga layin ofis ne. Murya da bidiyon Teams suna bi ta hanyar aika bayanai da ake kira UDP, ƙofofi (ports) 3478 zuwa 3481. In katangar tsaron ofis (firewall) ta toshe su, sai zancen ya koma ta wata hanyar, TCP, ƙofa 443. Shi kuwa TCP idan wani ƙunshin bayanai ya ɓace a hanya sai ya tsaya a sake turo shi, daga nan murya ta makara, hoto ya daskare. Girka manhaja ba zai gyara wannan ba, ƙofofin za a buɗe. Cin data ma bidiyo ne ke kawo shi, ta ko'ina aka shiga. Adadin da Microsoft ta ba da shawara ga kiran mutum biyu shi ne kilobit 58 a daƙiƙa ga murya, 1,500 ga bidiyo. In ka lissafa, awa ɗaya ta murya kusan 26MB ce ta kowane ɓangare, wato fita da shigowa, ta bidiyo kusan 675MB. Mai sayen data da kuɗinsa ya kashe kyamararsa, ya kuma kashe bidiyon da ke shigowa daga zaɓin da ke cikin taron.

Kwamfutar da ba taka ba ita ce inda na fi tsananta magana. Lokacin shiga manhajar a Windows akan fito da tambaya ko ka yarda ma'aikatarka ta riƙa kula da na'urar. Mutane suna danna OK ba su karanta ba, asusun aikinsu ya manne da Windows ɗin, na bayansu ya buɗe Outlook ko Edge ya tarar da shi a shige. Abin da ya kamata a zaɓa shi ne shiga wannan manhajar kaɗai. In an riga an yi kuskuren, a je Settings, Accounts, Access work or school, a danna Disconnect. A shagon intanet ko kwamfutar liyafar ofis kuwa kada a girka komai. A buɗe tagar sirri ta burauza, wato InPrivate ko Incognito, a amsa a'a idan an tambayi ko a bar ka a shige, a fita daga asusun in an gama, a rufe tagar, a kuma duba jakar Downloads, domin fayil ɗin da aka sauke ba ya gogewa da rufe taga.

Akwai hanya ta tsakiya. A Edge, daga menu, ƙarƙashin Apps, ana iya girka shafin Teams ya samu tagarsa da tambarinsa a sandar ƙasa, amma injinsa burauza ce. Masu Linux da ita suke aiki tun da Microsoft ta janye manhajarsu a Disambar 2022.

Mai kula da kwamfutoci talatin kada ya bar kowa ya sauke manhajar da kansa. Ya sauke teamsbootstrapper.exe, wato manhajar girkawa, da fayil ɗin MSIX mai ɗauke da Teams ɗin sau ɗaya, ya ɗora su a filashi, a kowace kwamfuta ya buɗe Command Prompt da ikon admin ya gudanar da teamsbootstrapper.exe -p -o tare da cikakken adireshin MSIX ɗin. Wannan zai girka wa duk masu asusu a kwamfutar. Sai dai Windows 10 ɗin da bai kai gini na 19041 ba ba zai karɓa ba, kuma kowace kwamfuta za ta ci gaba da sauke sabuntawarta, don haka a saka wannan a lissafin data.

Ranar da manhajar ta buɗe da farin allo ko ta ƙi nuna sababbin saƙonni, a fara gwada shiga ta burauza. In can yana aiki, matsalar tana cikin ajiyar wucin gadi ta manhajar. A rufe ta daga alamarta kusa da agogo, a je Settings, Apps, a nemo Microsoft Teams, a shiga Advanced options a danna Reset. Saƙonni ba za su ɓace ba tunda suna kan sabar Microsoft, saitin da ka yi a kwamfutar ne zai koma farko, kuma wataƙila a sake neman kalmar sirrinka.