Abin da tafiyar Andalus ta koya mini game da zafi da ruwa

Na shiga yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya da niyyar ganin gine-ginen da Musulmi suka bari, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zafi da ƙarancin ruwa suka tsara rayuwar mutanen wurin tun da can har yau. Yankin yana da larduna 8, babban birninsa Sevilla, kuma kilomita 14 kacal ke raba shi da Maroko a mashigar Jibralta, inda Ɗariƙ bin Ziyad ya ƙetaro da rundunarsa a shekarar 711.

Daga Sevilla na bi kwarin kogin Guadalquivir zuwa Kurɗuba, birnin da duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya san sunansa ta dalilin Imam Ƙurɗubi mai tafsiri. A watannin Yuli da Agusta zafin wannan kwari yakan wuce digiri 40, shi ya sa aka gina tsoffin unguwanni da lunguna matsattsu masu inuwa, ana shafe bango da farar ƙasa, kowane gida kuma da tsakar gida mai rijiya ko famfo da tukwanen furanni. Mutanen Kurɗuba suna alfahari da wannan sosai, har sukan buɗe gidajensu ga baƙi a watan Mayu domin a zaɓi wanda ya fi kyau. Babban masallacin birnin, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya soma ginawa wajen shekarar 785, ya koma coci bayan Kiristoci sun karɓi garin a 1236. Na tsaya cikin ginshiƙansa masu bakuna ja da fari, zuciyata ta yi nauyi, domin ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, kuma ya kamata mai ziyara ya san haka tun kafin ya isa.

A Garnaɗa na fi daɗewa. Birnin yana gindin duwatsun Sierra Nevada, waɗanda ƙololuwarsu Mulhacén ta kai mita 3,479, kuma ƙanƙarar da ke narkewa a kansu ita ce ke shayar da gonakin ƙasa. Sarakunan Banu Nasr, waɗanda mulkinsu ya ƙare a watan Janairun 1492, sun janyo ruwa daga kogin Darro ta doguwar magudana har saman tudun da fadar Alhamra take, sannan suka rarraba shi cikin tafkuna da lambuna, galibi gangaren ƙasa suka yi amfani da shi. Mutane da yawa suna zuba ido ga zanen bango, ni kuwa a ganina gwanintar da ta fi cancanta a jinjina wa ita ce ta waɗanda suka auna wannan gangare. A ƙauyukan Alpujarra, bayan duwatsun, manoma suna ci gaba da yashe irin waɗannan magudanai tare da raba ruwa bi da bi. Shiga fadar Alhamra yana buƙatar sayen tikiti tun da wuri ta intanet, kuma ana rubuta sa'ar shiga a jikinsa.

Abincin ma zafin ne ya tsara shi. Gazpacho miya ce mai sanyi ta ɗanyen tumatir da tattasai da kokwamba da tafarnuwa da man zaitun, wanda lardin Jaén ya shahara da shi a duniya. Ta Kurɗuba, wato salmorejo, ta fi kauri saboda burodin da ake niƙawa a ciki, sai dai akan barbaɗa mata busasshen naman alade, don haka na koyi faɗa wa mai kawo abinci ya cire shi kafin a zuba. Soyayyen kifi na bakin teku a Málaga da Cádiz, da alayyafo da wake irin na Sevilla, su ne suka fi sauƙaƙa mini.

Na kuma koyi bin agogonsu. Ana cin abincin rana wajen ƙarfe 2 zuwa 3, ƙananan shaguna da yawa suna rufewa har la'asar, abincin dare kuwa sai ƙarfe 9 ko 10, lokacin da iyalai ke fitowa dandali da yara da tsofaffi. Da sassafe nake yin yawona, in huta da azahar, sallar Juma'a kuma na yi ta a masallacin unguwar Albaicín ta Garnaɗa da aka buɗe a 2003, wanda ke fuskantar Alhamra daga ƙetaren kogin.