Katangar Daba'a

Duk wanda ya bi hanyar bakin teku daga Iskandariyya zuwa Marsa Matruh sai ya ratsa Daba'a. A da ba abin da ke tsayar da matafiyi a garin sai shayi ko man mota. Yau nan ne ake gina tashar wutar lantarki ta nukiliya ta farko a Masar, wadda za ta zama ta biyu a duk Afirka bayan Koeberg da ke kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu. Tukwanen nukiliya huɗu ne, wato na'urorin da ke samar da wutar, kowace megawat 1,200, jimla 4,800. Mu da muka tashi cikin ƙarar janareta mun san nauyin wannan adadi, domin ya yi kusan daidai da abin da babban layin wutar Najeriya ke rabawa ƙasar baki ɗaya a mafi yawan ranaku.

Ina son a gina ta, wannan ba na ɓoyewa. Na zauna a Alkahira lokacin da ake ɗauke wuta da tsakar zafi, na ga tsofaffi suna hawa bene da ƙafa suna haki, na ga mai sayar da madara yana zubar da jarinsa. Amma duk sanda na ji ana yabon aikin a talabijin, hankalina kan koma wurin mutanen da aka tasa daga filin, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba.

Me ya sa sai bakin teku? Tukunyar nukiliya zafi take haifarwa, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan zafi ba ya zama lantarki, dole a zubar da shi, kuma ruwa mai ɗimbin yawa ne ke kwashe shi. Masar ba za ta taɓa Nilu saboda wannan ba. Ruwan sha da noma ma da ƙyar yake isa, ga jama'a cunkushe a gefensa. Sai aka juya wajen Bahar Rum, aka nemi inda ƙasa ke da ƙarfi kuma mutane ba su da yawa. A taswirar ofis, Daba'a fili ne fetal.

To amma da masu shi. Larabawan ƙauye ne, akasarinsu 'yan ƙabilar Awlad Ali, masu kiwon tumaki da noman sha'ir da ruwan sama, masu gonakin ɓaure da zaitun. Wanda ya san zaitun ya san ba a dasa shi don a ci bana; uba ke dasawa, ɗa da jika su ci. Iyakar gona a wurinsu sananniya ce, kowa ya san daga ina zuwa ina ne na gidan wane, dattawa ne shaida. Takarda ce dai babu, kuma a idon dokar Masar ƙasar hamada wadda ba ta da takarda ta gwamnati ce.

A 1981, shekarar ƙarshe ta Anwar Sadat, aka fitar da dokar shugaban ƙasa da ta keɓe wurin, tsawon kilomita kusan 15 a bakin ruwa. Sai hatsarin tashar nukiliya ta Charnobil a Tarayyar Sobiyat ya auku a 1986, aka jingine shirin. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. An tashi mutane, an rushe gidaje, an zagaye filin da katanga, sannan shekara da shekaru ba a aza ko tubalin tashar ba. Mutum yana tsaye a waje yana hango bishiyoyin da kakansa ya dasa suna bushewa, ba wuta, ba aiki, ba gona. Diyyar kuwa, mutanen sun daɗe suna cewa ba ta taka kara ta karya ba. Ana cikin haka manyan 'yan kasuwa suka sa ido a kan wurin, suna son a mayar da shi masaukin masu yawon shaƙatawa kamar sauran gaɓar, har sai da Hosni Mubarak ya tabbatar a 2010 cewa a Daba'a za a yi tashar. Duk wannan ja-in-ja tsakanin manya aka yi ta a Alkahira.

Bayan faɗuwar Mubarak, a watan Janairun 2012, mutanen garin suka fasa katangar suka shiga. An yi arangama da sojoji, an ji raunuka, an rushe gine-ginen hukumar tashoshin nukiliya da ke ciki, har aka ba da labarin ɓacewar wasu kayan gwaji masu tiriri mai cutarwa. Wannan ɓarna ba na goyon bayanta, kuma haɗari ce ga su kansu masu yin ta. Amma a duba abin da suka yi bayan sun shiga: suka koma kan gonakinsu, suka soma gini, suka kawo dabbobinsu. Gaskiya ne hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan bai cika shekara ba a lokacin, kuma tsoron guba yana bakin mutane. Sai dai wanda tsoro kaɗai ya dame shi ba ya komawa ya kafa gida a wurin. Ƙasarsu suke nema.

Wani direba ɗan yankin da ya taɓa ɗauko mu daga Matruh ya faɗa mini magana makamanciyar wannan. Na tambaye shi, "Ya Hajji, ba ku tsoron abin?" Ya ce tsoro na nan, amma shi abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce da mutum baƙo a inda aka binne kakanninsa. Ban ƙara tambayarsa komai ba, don ni ɗan ƙasar da aka yi Bakolori ne. A 1980 manoman yankin Talata Mafara suka tsaya kan diyyar gonakinsu da aikin dam ya cinye, aka aika musu 'yan sanda, aka kashe mutane. Har gobe ba a manta ba.

A ƙarshen Satumban 2013 mutanen Daba'a suka miƙa filin ga rundunar soja bayan sulhu, bisa alkawarin diyya da gidaje da aikin yi. Daga nan abubuwa suka yi sauri. An ƙulla yarjejeniya da Rasha a Nuwamban 2015, Rasha ta ba da bashin dala biliyan 25 wanda zai ɗauki kashi 85 cikin ɗari na kuɗin aikin, aka sa hannu a kwangila da Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, a Disamban 2017 a gaban shugabannin ƙasashen biyu, Sisi da Putin. An zuba kankaren tukunya ta farko a Yulin 2022, ta huɗu a Janairun 2024. An gina wa mutanen sababbin gidaje, an buɗe makarantar koyon fasahar nukiliya a garin. Waɗannan abubuwan alheri ne, kuma ina ganin da ba a fasa katangar nan ba da wuya a same su.

Inda nake da ja shi ne yadda ake cewa yanzu kowa ya yarda. Wata biyu bayan miƙa filin aka kafa dokar da ta hana zanga-zanga ba da izini ba, kuma tun daga lokacin fita titi a Masar ya zama abin da mutum zai yi tunani sau goma kafin ya yi. Shirun da aka samu a irin wannan yanayi ba zan kira shi amincewa ba. Tashar kuwa an tsara ta yi aiki shekara 60. Yaran da ke wasa a Daba'a yau za su tsufa a gefenta. Su ne ya kamata su san ta wace hanya za a kwashe su in wani abu ya faru, da inda za a ajiye makamashin da aka gama amfani da shi, da abin da ruwan ɗumi da za a riƙa mayarwa teku zai yi wa kifi. Suna bukatar wurin da za su yi tambaya a ba su amsa, ba tare da an rubuta sunansu ba.

Najeriya ma ta sa hannu da Rosatom a 2017, kuma an daɗe ana ambaton Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini, ban da ita kanta ƙasar. Da wannan doka za a je wa mutanen Itu ranar da aka tashi auna filinsu.