Laraba, na je shaidar aure a bakin tafki

Ranar hutuna ce, niyyata in koma barci da zarar yara sun fita, sai ga Baturiyar ƙasa, maƙwabciyarmu da ke hawan ƙasa, tana ƙwanƙwasa ƙofa tun ba su gama karyawa ba. Wai wanda zai yi mata shaida ya wayi gari da zazzaɓi, ga shi za ta ɗaura wa wasu aure ƙarfe ɗaya a Luss, wani ƙauye a bakin tafkin Lomond a nan Sikotland, ko zan rufa mata asiri? Mai hoto ne shaida na farko, ni ta biyu. Doka ba ta neman komai sai mutum ya kai shekara 16, ya ji abin da aka faɗa da kunnensa, ya sa hannu. Na ce bari in ji ta bakin Malam, maigidana. Yana ɗaura takalmi ya ce, "Ai ba ibada za ki taya su ba, takarda ce za ki sa wa hannu. Ki dai ɗauki rigar ruwa."

Mun daɗe muna gaisawa a matakala, ina ganinta da jakar nan mai ruwan toka, amma ban taɓa ganin aikin da idona ba. Tana cikin masu ɗaura aure na Humanist Society Scotland, ƙungiyar waɗanda ba sa bin kowane addini. Aure, jana'iza, suna, duk tana yi, ba addu'a ba ambaton Ubangiji. A hanya take gaya mini tun 2005 hukuma ta amince da irin aurensu a Sikotland, kuma na farko a gidan namun daji na Edinbura aka ɗaura shi. Na ce tsakanin birai? Ta yi dariya har ta kusa wuce kwana. Zuwa 2019, in ji alƙaluman hukuma, auren da irinsu suka ɗaura ya zarce na dukkan coci-cocin ƙasar a haɗe. Wannan kam ya sa na yi shiru na ɗan lokaci.

Ango da amarya daga Ingila suka zo, su biyu rak. A can doka gini take bi: coci, ko ofishin rajista, ko wani zauren da aka yi wa lasisi, kuma auren da irin su Baturiyar ƙasa suka ɗaura ba aure ba ne a idon hukuma sai an sake zuwa rajista. Har kotu wasu ma'aurata shida suka je a 2020, alƙali ta yarda ana nuna musu bambanci, amma ta ce a jira gwamnati ta gama nazari. A nan kuwa mutum ake bai wa izini, ba wuri ba, shi ya sa ake ɗaura aure a kan dutse, a gona, a bakin ruwa. Mu dai bakin tafkin Lomond muka tsaya, ana yayyafi, ƙananan ƙudajen nan masu cizo sun same ni ta ƙasan hijabi.

Ba a fi rabin awa ba. Kusan duka labarinsu ne. Ashe tun watanni ta tura wa kowannensu tambayoyi daban, ta hana su nuna wa juna amsa: ina kuka haɗu, me ya fara burge ki, wane halinsa ne ke ƙona miki rai, yaushe ka san ita ce. Ta zauna da su ta bidiyo, ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Sai yau kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya ce. Amarya ta ce lokacin da mahaifinta ke jinya, shi ne yake aske masa gemu saboda hannun tsohon na rawa, kuma bai taɓa faɗa mata ba, a bakin ma'aikatan asibiti ta ji. Ango ya sunkuyar da kai. Ni da ban san su ba, ban san uban ba, sai ga ni ina laluben hankici.

Sannan kowa ya furta da bakinsa cewa ya karɓi ɗan'uwansa, wanda shi ne abin da doka ta wajabta, ta ɗaure musu hannuwa da ƙyalle irin na gargajiyar nan, suka sha giya a wani ɗan kwano mai kunne biyu. An miƙo mini, na ce na gode. Takardar hukuma a ƙarƙashin laima muka sa mata hannu, da baƙin alƙalamin da take ajiyewa don wannan kaɗai, tana ta jaddada musu cewa cikin kwana uku lallai ta koma ofishin rajista.

Duk wannan lafiya lau. A hanyar dawowa ne abin ya faru.

Mun hau titin A82, na cire takalmi ina ɗumama ƙafa, sai ta ce, "Ke fa? Me kika ce wa naki ranar?"

Na ce ban ce komai ba, ban ma je wurin ba.

Ta juyo ta dube ni har sai da na nuna mata titi. Sai ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin wanda suke yi wa mutum idan ya ce kyanwarsa ta mutu. Wannan sautin ne ya hana ni sakat har yanzu da nake rubutun nan.

Na shiga bayani. Na ce a masallacin unguwarmu aka ɗaura bayan Juma'a, Baffa ne waliyyina, Yaya Babba wakilin Malam. Wakili ya nema, waliyyi ya bayar, aka faɗi sadaki, jama'a suka shaida, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Ni ina ɗakin Gwaggo, lalle bai gama bushewa a ƙafata ba, ƙawaye sun cika ɗakin da surutu. Guɗa muka ji daga tsakar gida, sai wani ƙanena ya shigo a guje bakinsa cike da alawa yana cewa an ɗaura. Na ce mata kuma kada ki ɗauka ba a tambaye ni ba. Baba ya aiko Gwaggo ta ji ta bakina, bai gamsu ba ya kira ni da kansa, na zauna a bakin ƙofa kaina a ƙasa, ya ce in ba na so in faɗa yanzu. Ina ta magana, amma ina jin yadda kowace kalma ke fita kamar ina kare kaina a gaban alƙali, alhali ban yi laifin komai ba.

Ta ce, "To wa ya ba da labarinku?"

Na ce wa za a bai wa? Duk unguwa an sani. Yaron da yake aikowa a kira ni yana cikin masallacin. Mai shagon da ke kallonsa kullum da yamma yana gyara hula kafin ya ƙaraso zaurenmu yana nan. Tsofaffin da suka je binciken asalinsa su ne a sahun gaba. Na ce aikinki ya samu ne don mutanenku ba su san juna ba, sai an biya baƙuwa ta zo ta gaya wa uwa yadda 'yarta ta haɗu da mijinta. Da ɗan zafi na faɗa, na sani.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce gaskiya ne, sau da yawa iyaye a bakinta suke fara jin labarin, wani lokaci ma dangin ango da na amarya ranar suke fara ganin juna. Ta ce akwai waɗanda take ɗaura musu aure, bayan shekaru su kira ta jana'izar uwa ko uba, don ba su da wani wanda za su kira. Ta yi shiru har muka wuce wata babbar mota, sannan ta ce, "Amma kin taɓa jin ya faɗi abin da yake so game da ke, da bakinsa, mutane na ji?"

Na ce Allah ya kiyaye! A gaban su Baffa? Ai da ƙasa ta tsage na shige. Muka yi dariya mu duka, ta kunna rediyo, aka bar maganar. A mota aka bar ta, ni dai ta biyo ni har kicin.

Miyar kuka. Gishiri ya so ya yi yawa. Auta ya dawo ba rigar sanyinsa, ta biyu ke nan a zangon nan. Umma ta kira ban ɗauka ba, na san in ta ji inda na je sai na yi bayanin awa guda.

Bayan isha na ce, "Malam, wai ranar ɗaurin aurenmu me aka ce?"

Ya ɗago daga waya. "Me aka ce kamar yaya? Abin da ake cewa."

Na ce kai da kake wurin.

Ya ce shi ma can baya yake, abokai sun kewaye shi, lasifika na ta ƙara, babbar riga ta dame shi da zafi. Abin da ya ji da kyau shi ne maroƙi yana shelar sadaki lakadan ba ajalan ba, sai mutane suka fara miƙo masa hannu. Ashe mu biyun duk ba mu ji ɗaurin aurenmu ba. Na ce to da a ce an ba ka takardar Baturiyar ƙasa, an ce rubuta abin da ya burge ka, me za ka rubuta? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yau kuma me kika ci a bakin ruwan nan?" Na ce amsa nake so. Ya ce zai yi tunani, ya koma kan wayarsa, amma na ga yana murmushi, ban san ko da ni yake ko da abin da yake kallo ba.

Ashe 'yar gidan tana corridor ɗin ɗakinsu tana jin mu, ita da na ɗauka tana karatu. Ta leƙo ta ce, "Mama, ni dai ranar nawa ina wurin. Ko a bayan labule ne, sai na ji da kunnena." Malam ya ce ta bari ta gama sakandare tukuna. Ni ban ce komai ba. Yarinyar da ta tashi a Gilasgo, wace unguwa ce za ta san labarinta? Wa zai je binciken asali, su wa za su cika ɗakin Gwaggo? Ban da amsa, kuma gobe aikin safe gare ni, ga kayan makaranta ban goge ba.