Mako shida ina jera sanduna: ƙidayar wuraren gadon duniya

'Yan uwa masu koyon zana alƙaluma, sannunmu da ƙoƙari. Yau mako shida ke nan da na duƙufa kan jadawalin sanduna, wato zanen nan da ake jera sanduna kusa da juna, kowacce tsawonta gwargwadon yawan abin da take tsaye a madadinsa. Da farko na yi ta gwaji da alƙaluman koyo irin waɗanda ake bai wa ɗalibi, amma ba su shiga raina ba, domin ko sanda ta yi tsawo ko ta gajarce babu abin da ya dame ni. Shi ya sa na nemi abin da nake ƙauna da gaske, na ɗauko jerin wuraren gadon duniya na hukumar UNESCO.

Ga wanda bai san jerin ba, asalinsa yarjejeniya ce da aka amince da ita a Paris ranar 16 ga Nuwamba, 1972, don kare wuraren da darajarsu ta shafi dukan 'yan Adam. A 1978 aka rubuta wurare 12 na farko, cikinsu har da tsibiran Galapagos, da gandun dajin Yellowstone na Amurka, da majami'un Lalibela da aka sassaƙa cikin dutse a Habasha, da tsibirin Gore na Senegal. Ni na yi aiki da jerin kamar yadda ya tsaya bayan taron New Delhi na watan Yulin 2024: wurare 1,223 a ƙasashe 168. Duk lambar da za ku gani a nan ta wannan lokacin ce. Idan kun sauko da sabon jeri za ku tarar an ƙara.

Zanena na farko sanduna uku ne kacal. Wuraren al'adu 952, wuraren halitta 231, sai gauraye 40, wato waɗanda suka haɗa biyun, irin su Machu Picchu a Peru, da Tassili n'Ajjer a Aljeriya, da tsaunin Bandiagara na Mali. Na san waɗannan lambobin tun kafin in zana, amma gani ya kori ji. Da sandar al'adu ta miƙe har kusan saman allo, ta halitta ba ta kai kwatarta ba, ta gauraye kuwa kamar ɗan guntun alli a gefe, sai na tsaya ina kallo na ɗan lokaci. Ma'aunan shiga jerin guda goma ne, shida na al'adu, huɗu na halitta, don haka na yi zaton ratar za ta yi kama da shida da huɗu. Ashe kusan kashi 78 cikin ɗari na al'adu ne.

A mako na biyu na koma kan ƙasashe, kuma nan na yi kuskuren da nake so ku kauce masa. Na sa manhaja ta ƙirga sau nawa sunan kowace ƙasa ya fito, sai ta ba ni Sin 58, Italiya 53. Na san ba haka ba ne, domin Italiya ce ke gaba da 60, Sin na biye da 59. Na kwana biyu ina laluben inda bakwai ɗin Italiya suka shige. Abin da ya faru shi ne, akwai wuraren da ƙasa fiye da ɗaya ke tarayya a kansu, kuma sunayen ƙasashen duk suna cikin akwati ɗaya, waƙafi ne kawai ya raba su. Manhaja kuwa ta ɗauki duk abin da ke cikin akwatin a matsayin suna guda. Tsohon birnin Rum na Italiya ne tare da Fadar Vatikan. Tsoffin dazuzzukan bishiyar bic na Turai sun ratsa ƙasashe 18. Gandun W-Arly-Pendjari na Nijar ne da Burkina Faso da Benin. Sin wuri ɗaya kawai take tarayya a kai, wani sashe na Hanyar Siliki da ta haɗa da Kazakistan da Kirgistan, shi ya sa ita ɗaya ta rasa, Italiya ta rasa bakwai, har na biyu ya hau kan na ɗaya.

Gyaran ba wuya: na raba sunayen, kowace ƙasa ta samu layinta. Sai dai ku lura, da zarar kun yi haka, jimillar sandunan ƙasashe za ta zarce 1,223, saboda an ƙirga wuri ɗaya sau da yawa. Ba kuskure ba ne, amma wajibi ne a rubuta shi a ƙasan zanen don kada mai karatu ya haɗa lissafi ya rikice.

Bayan gyara, biyar na sama suka fito daidai: Italiya 60, Sin 59, Jamus 54, Faransa 53, Sifen 50. Nan ma wani abu ya so ya wuce ni. Manhajar da nake amfani da ita ta fara ma'aunin gefe daga 45 maimakon sifili, sai ga sandar Italiya ta ninka ta Sifen sau uku a ido, alhali bambancin goma ne cikin sittin. Ido tsawon sanda yake aunawa, ba ya tsayawa karanta 'yan ƙananan lambobin da ke gefe. Idan aka datse gindin sanda, an datse gaskiyar zanen ke nan. Tun daga ranar, abu na farko da nake dubawa a kowane zane, nawa ko na wani, shi ne ko daga sifili ya tashi. Wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce. William Playfair, ɗan Sikotilan da ake jingina wa ƙirƙirar wannan zane a 1786, da tsawon sanda ya nuna cinikin ƙasarsa da sauran ƙasashe, kuma kwance ya shimfiɗa sandunan nasa. Ni ma na koma kwantar da nawa, domin sunayen ƙasashe su karantu ba sai an karkatar da wuya ba, na kuma jera su daga babba zuwa ƙarami maimakon bin haruffa.

Mako na uku da na huɗu duk a kan zane ɗaya na ƙare su, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai. UNESCO ta kasa duniya shiyya biyar. Turai da Arewacin Amurka 573, Asiya da yankin Fasifik 296, Latin Amurka da Karibiyan 150, Afirka 108, Ƙasashen Larabawa 96. Shiyya ɗaya ta kwashe kusan kashi 47 cikin ɗari. Afirka ba ta kai kashi 9 ba. Italiya da Jamus su biyu kaɗai, idan aka haɗa, 114 ne, sun haura sandar Afirka gaba ɗaya.

Kafin in ce komai sai na bincika abin da kalmar "Afirka" ke nufi a wannan jerin, kuma gara da na yi. Masar, da Moroko, da Aljeriya, da Tunisiya, da Libiya, da Sudan, da Muritaniya duk a shiyyar Larabawa aka sa su. Wato dalolin Giza, da tsohon birnin Fas, da dalolin Meroe na Sudan, babu ko ɗaya cikin 108 ɗin nan. Wanda ya rubuta "nahiyar Afirka" a jikin wannan sanda ya faɗi abin da ba haka ba, ko da lambarsa daidai ce. Sai na sauya rubutun zuwa "shiyyar Afirka bisa rabon UNESCO". Amma ko an ɗauki shiyyar Larabawa kacokan an ɗora kan ta Afirka, 204 ake samu, har yanzu ba a kai rabin 573 ba.

To me sandar ke aunawa? Nan ne na daɗe ina tunani. Mai kallo da gaggawa zai ce Turai ta fi kowa tarihi. Zanen bai faɗi haka ba. Wuri ba ya shiga jerin nan don kawai yana da daraja. Sai ƙasar da yake cikinta ta fara sa shi a jerin share fage, sannan ta haɗa kundin neman shiga mai taswirori da iyakoki da tsarin kulawa da kwatanci da makamantansa a duniya. Daga nan ƙwararrun ICOMOS, ƙungiyar masana kayan tarihi, su duba idan na al'adu ne, na IUCN, ƙungiyar kare muhalli, idan na halitta ne, kafin kwamitin ƙasashe 21 ya yanke hukunci. Aiki ne na shekaru, mai cin kuɗi, mai buƙatar masana. Ashe sandar tana auna daraja, tana kuma auna ƙarfin aljihu da yawan ƙwararru, da irin abin da aka saba kira "gado" tun farko: fadoji, da manyan majami'u, da biranen dutse. Ginin ƙasa da ake yaɓewa duk shekara, da kurmin da ake girmamawa, da hanyar fatake, sun daɗe ba su dace da wannan ma'auni ba. Hukumar da kanta ta ga wannan giɓi. A 1992 aka buɗe rukunin shimfiɗar ƙasa ta al'ada, inda aikin mutum da yanayin wuri suka cuɗanya, ta wannan ƙofa Sukur da ke tsaunukan Mandara a Nijeriya ya shiga a 1999. A 1994 kuma aka fito da tsari na musamman don daidaita jerin. Shekara talatin bayan haka, ga yadda sandunan suke. Wannan abu yana damuna, kuma ina ganin duk wanda zai nuna wa mutane wannan zane, hakki ne a kansa ya ɗora jimla ɗaya ko biyu da ke bayyana yadda ake shiga jerin.

Daga nan na gwada sanduna masu hawa-hawa, kowace shiyya sanda ɗaya mai launi uku, na al'adu da na halitta da na gauraye. Bai yi min kyau ba. Launin da ke ƙasa kaɗai ake iya kwatantawa, na tsakiya kowanne daga wani wuri daban ya tashi, ga sandar Turai ta danne sauran. Sai na mayar da kowace sanda ɗari bisa ɗari, duk suka zama tsawo ɗaya, abin da ya rage shi ne rabon launi. Nan wani sabon labari ya fito. A shiyyar Afirka wuraren halitta 42 ne cikin 108, kusan kashi 39. A Turai da Arewacin Amurka 71 ne cikin 573, kashi 12. A Ƙasashen Larabawa 6 ne kacal cikin 96. Kuma idan aka cire al'adu aka bar halitta zalla, Asiya ce ke gaba da 73, Turai 71, Afirka 42, Latin Amurka 39. Babbar ratar nan da ta tsorata ni, kusan dukanta daga ɓangaren al'adu ta fito: 490 a Turai da Arewacin Amurka, 61 a Afirka. Serengeti da Kilimanjaro da Okavango sun samu shiga, amma garuruwa da gine-gine da wuraren ibada na shiyyar su ne suka yi ƙaranci. Da na tsaya a zanen jimilla da ban taɓa ganin wannan ba. Shawarata ita ce ku ajiye zanen biyu gefe da gefe, na adadi da na kaso, domin na kaso shi kaɗai yana ɓoye cewa kashi 12 na Turai ya fi kashi 39 na Afirka yawa.

Makon jiya na yi na shekaru, sanda ɗaya ga kowace shekara daga 1978. Mafi tsawo ita ce ta 2000, da aka shigar da wurare 61. Sai na lura 2019 na manne da 2021, ita kuma tana manne da 2023. Manhaja ba ta zana abin da ba ta gani ba, shekarar da babu ko wuri ɗaya sai ta tsallake ta shiru. Da hannu na ƙara 2020 da 2022, na sa musu sifili, giɓi biyu suka bayyana. Ruwa ba ya tsami banza: annobar korona ce ta hana taron 2020, na 2022 kuma da aka shirya yi a Kazan ta Rasha an ɗage shi bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. Shi ya sa 2021 ta samu 34, 2023 ta samu 45, aikin shekara bibbiyu ne ya taru. Wanda bai ga giɓin ba zai ɗauka an ƙara himma ne a waɗannan shekarun. Ku kuma sani jerin na yanzu ba ya ɗauke da wurare uku da aka soke: gandun barewar oris na Oman a 2007, kwarin Elbe na Dresden a 2009, da tashar ruwan Liverpool a 2021.

Abin da ke gabana yanzu shi ne girman fili. Duk zanen da na yi zuwa yau, kowane wuri ɗaya ne a ƙidaya. Babban cocin Aachen na Jamus, gini guda, ɗaya ne. Babban shingen murjani na Ostareliya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 348,000, shi ma ɗaya ne. Jerin yana da wurin da aka rubuta faɗin kowanne da hekta, kuma ina so in ga yadda sanduna ukun nan na makon farko za su koma idan aka auna su da ƙasa da ruwa maimakon ƙidaya. Na riga na hango matsala: 'yan wuraren teku ƙalilan za su yi tsawon da sauran za su koma kamar ɗigo. Ina tunanin raba na teku da na tudu zane biyu. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa fama da sanda ɗaya da ta haɗiye sauran, don Allah ya faɗa min yadda ya yi da ita kafin in fara.