Yau na raka ƙawata gidan sistoci a Whitby

Asabar. Kwana biyar ina aikin dare a asibiti jikina duk ya mutu, niyyata in yini a kwance, amma ƙawata 'yar Asante ta sa ni gaba wai sai na raka ta Whitby, wani gari a bakin teku a nan Ingila, ta gaida sistocin coci da suka kafa makarantarsu, St Monica's ta Mampong a Ghana. Ni fa tun ina yarinya a Aboabo na ɗauka 'yan Katolika ne kawai ke da sista, ashe Angilika ma suna da nasu, kai na sha dariya a mota yau.

A hanya ta ba ni labari, ta ce Sarki Henry na takwas ne ya rurrushe gidajen sistoci da na 'yan zuhudu maza na Ingila tun 1536, aka yi shekara kusan ɗari uku babu su a cocin Angilika, sai a 1841 wata Marian Hughes ta fara ɗaukar alkawarin zama sista. Su kuma waɗannan na Whitby wata Margaret Cope ce ta kafa su a 1915, a 1926 suka isa Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, suka kama koyar da yara mata. Alkawari uku ne, ba aure, ba dukiyar kanki, sai biyayya. Na ce mata na biyun nan shi zai kashe ni.

Wata tsohuwa ce ta tarbe mu, hannunta na rawa amma ta ƙi bari in karɓi butar shayin, ita ta zuba mana da kanta. Da ta ji daga Kumasi muke sai ta ce akwaaba, wato sannu da zuwa da yaren Asante, ta shiga tambayar kasuwar Kejetia kamar jiya ta baro ta. Ƙawata har da hawaye. Abin da ya tsaya min a rai shi ne muna tsakiyar hira aka kaɗa ƙararrawa, baiwar Allah nan ko maganarta ba ta ƙarasa ba ta ajiye kofi ta miƙe, lokacin addu'ar rana ya yi. Sak kakata idan ladan ya kira salla. Suka shiga suna rera Zabura, wannan gefe ya yi wancan ya amsa, muryoyin duk na tsofaffi, matasa ƙalilan ne, wannan kam ya ɗan sosa min zuciya.

Ni ma da azahar ta yi na tambaya, aka nuna min wani ɗaki shiru na yi sallata a kan gyalena, ba wanda ya yi min wani kallo.

Da yamma muka hau matakala 199 ɗin nan zuwa kangon tsohon gidan ibada na kan tudu, gwiwata har yanzu tana min tsiya. Muka sayi kifi da soyayyen dankali, wani shegen tsuntsun teku ya fauce rabin kifina ina kallo. Gobe aiki ƙarfe bakwai, ko wankin yunifom ban yi ba.