Asabar, 25 ga Oktoba: kabewa, fatalwa da iskar Ohio

Saura kwana shida Halloween, bikin da ake yi a Amurka kowace 31 ga Oktoba, duk layin nan na Columbus, a jihar Ohio, ya cika da ƙasusuwan roba da saƙar gizo. Yau wuni guda aka yi kan kayan adon ƙofar gida da shigar yaran da za su bi gida-gida karɓar alewa. Abin da ke lalata aikin hannu a wannan lokaci uku ne, iska da ruwa da wuta, don haka da su ake auna komai kafin a sayi kaya.

Da safe allunan kabari na ado. Ana yanka su daga allon fom mai kaurin inci 2, irin wanda magina ke sakawa a bango don tare sanyi. Tsayin inci 24 ya isa. Ya wuce haka iska ta samu abin kamawa. A zana rubutun da biro, a bi shi da reza, ba zurfi sosai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne fentin feshi: sinadarin cikinsa yana cinye fom nan take, allon ya koma rami-rami. Fentin ruwa na bango ake shafawa da burushi, ruwan toka, shafi biyu, sannan a tsarma baƙi da ruwa a bar shi ya gangaro daga sama don ya yi kama da tsohon dutse. Tsinken katako ba ya riƙe shi. A manna guntayen fayif biyu a bayansa da gam ɗin da ba ya cin fom, a kafa rodi biyu a ƙasa kamar inci 8, a zura fayif ɗin a kansu.

Fatalwa ta fi sauƙi. Balan-balan a bakin kwalba, waya a matsayin hannuwa, sai shara-sharan ƙyallen tata a tsoma a sitaci a lulluɓa, ninki biyu, a bar jelarsa ta kwanta a ƙasa don ita ce ƙafar. Ta kwana ta bushe a fasa balan-balan. Sai dai fatalwar sitaci ta cikin gida ce, raɓa kaɗai tana durƙusar da ita. Wadda za ta fita, farin gam da ruwa rabi da rabi, kuma ko ita a rataye ta ƙarƙashin rumfa.

Kabewa, wadda ake sassaƙa wa fuska a sa fitila a ciki, ba a taɓa ta yau ba, da gangan. Da zarar an sassaƙe ta kwana uku zuwa biyar take yi kafin ta fara laushi da funfuna, don haka sai Laraba. Ƴan Ireland da suka zo da al'adar a ƙarni na 19 tanif, wata dunƙulalliyar saiwa da ake ci, suke ƙwaƙulewa a ƙasarsu; a nan suka tarar da kabewa, ta fi girma ta fi sauƙin yanka. Ni dai na fi son a buɗe ta daga gindi maimakon sama: ruwa ba ya taruwa a ciki, kuma ɗora ta kawai za a yi a kan fitila. A kankare cikin har bangon ya dawo inci 1, a shafa basilin a bakin yankan don kada ya yanƙwane. Kurege kuwa, da ke cin ta, sai haƙuri.

Da la'asar aka koma shigar yara. Gawar Masar mai naɗin bandeji ita ce mafi arha: tsohon farin zanin gado, a yayyaga shi faɗin inci 3, a jiƙa cikin ruwan shayi mai ƙarfi na awa guda, a shanya ba tare da ɗauraya ba. Kada a naɗa wa yaro a jiki kai tsaye, kafin ya kai gida na uku ya warware, ga matsalar shiga banɗaki. A ɗinke yayyagaggen ƙyallen a kan riga da wando daban-daban, masu ɗan yalwa, saboda ƙarshen Oktoba a Ohio sai da rigar sanyi a ciki. Duk wanda ya yi tashe ya san gemun auduga da gam; dabarar ɗaya ce, amma auduga da ƙyallen nan suna kama wuta kamar me, shi ya sa kyandir na gaske ba shi da wuri a matakalar da yara za su bi. Fitilar batir kawai.

Fentin fuska ya fi abin rufe fuska, wanda ke toshe gani ta gefe lokacin tsallaka titi. A gwada fentin a hannu kwana ɗaya kafin ranar ko zai yi ƙaiƙayi. Doguwar riga ta tsaya a idon sawu, a manna tef mai ƙyalli a baya da jikin jakar alewa.

Saƙar gizo ta leda ta rage. A ja ta siririya a jikin taga ko ƙofa, ban da shuke-shuke, don tsuntsaye na maƙalewa a ciki. Gobe ana hasashen iska, za a ga ko rodin ya shiga yadda ya kamata.