Babur a Sama, Ƙoƙon Kai a Ƙirji: Asalin Wasan FMX da Rigunansa

Tseren babur a kan ƙasa mai tudu da kwari tsoho ne. A Ingila aka fara shi, kuma gasar farko da aka sani an yi ta a Camberley a 1924. Daga baya Faransawa suka ba shi sunan da ya bi shi har yau, wato motokuros. Shekara saba'in ana tafiya a kan ƙa'ida ɗaya: wanda ya riga kowa isa layi shi ne gwani. Tsalle kuwa cikas ne da ake neman a tsallake da wuri, don duk daƙiƙar da taya ba ta taka ƙasa ba asara ce.

A farkon shekarun 1990 wasu samarin kudancin Kalifoniya suka juya lissafin, tsallen kansa ya zama wasan da ake kira FMX, wato motokuros na nuna gwaninta a sama. Ranar da babu tsere sai su ɗora babura a bayan akori-kura su nufi tsaunukan Reche Canyon da Beaumont, ko tuddan yashin Glamis, su sami tudun da ya yi musu, su gyara bakinsa da shebur, su yini suna tashi. Babu agogo, babu alƙali. A filin tsere ma Jeremy McGrath, wanda ya ci kambun Supercross, wato motokuros na cikin filin wasa, sau bakwai, ya aro wata dabara daga masu keken BMX, mai suna nac-nac: yana sama sai ya zare ƙafa ɗaya ya wurga ta bayan babur kamar mai shirin sauka. 'Yan kallo suka fi yi wa wannan ihu a kan nasarar kanta. Sai kuma kaset ɗin bidiyo na Crusty Demons of Dirt, wanda Jon Freeman da Dana Nicholson suka haɗa a tsakiyar shekarun, ya kai hoton wannan hawa na ganin dama shagunan babur na Amurka da ƙetare.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne maganar kuɗi. Ɗan tseren da kamfanin Honda ko Yamaha ya ɗauka yana da albashi, da makaniki, da babur kyauta, amma da sharaɗi: ka yi aski, ka sa rigar da aka ba ka, ka gode wa masu ɗaukar nauyi a gaban kyamara. Wanda ya bar tsere ya koma tsalle ya bar duk wannan. A 1997 Brian Deegan ya ci tseren ajin babura masu inji 125cc a filin Coliseum na Los Angeles a kan babur ɗin da ba na kamfani ba, da ya zo layin ƙarshe sai ya dire ya saki babur ɗin ya tsallaka shi kaɗai. Hukumar tsere ta ci shi tara. Shi da Larry Linkogle suka fara rubuta sunan ƙungiyarsu, Metal Mulisha, da alƙalamin maka a jikin baburansu, suna sa baƙaƙen kaya da ƙusoshi a kafaɗa, a lokacin da kowa ke sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa masu ƙyalli. Kafin a ankara yara sun fara tambayar inda ake sayar da rigar. Ta haka wasan ya sami abin da zai ciyar da shi.

A 1999 gasar wasannin kasada ta X Games da aka yi a San Faransisko ta shigar da wasan a karon farko. Travis Pastrana, yaro ɗan shekara 15, ya ci zinare da maki 99, sannan ya tuƙa babur ɗinsa ya faɗa cikin ruwan gaɓar birnin da gangan, abin da ya jawo aka hana shi kuɗin kyautarsa. A 2001 gasar Red Bull X-Fighters ta fara a filin wasan bijimai na Balensiya a Sifaniya, daga baya ta koma Madrid.

Yadda ake gyara babur ɗin

Babur ɗin da aka daɗe ana hawa shi ne mai inji 250cc mai bugu biyu (two-stroke), irin Yamaha YZ250, wanda nauyinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba. An fi son sa a kan mai bugu huɗu saboda ba shi da nauyi, kuma idan ka saki totur a sama injinsa ba ya riƙe tayar baya da ƙarfi har kan babur ya nutse. Ana haɗa masa fetur da man inji a tanki, yawanci kashi 32 ko 40 na fetur da kashi 1 na mai.

Daga shago ba ya tsalluwa yadda ake so, sai an taɓa shi. Ana yanke soson siti ya yi ƙasa don ƙafa ta wuce ba ta maƙale ba. Ana huda robar gefe biyu a ƙarƙashin siti, ramin da yatsu huɗu masu safar hannu za su shiga, a goge bakin ramin, a manna masa tef mai kaushi. Nan ake kamawa idan an saki kan babur an miƙe a bayansa. Ramin da ba a goge ba yana riƙe safar hannu, kuma wanda hannunsa ya maƙale a baya zai sauka ba ya riƙe da komai. Ana sa kan babur mai tsayi wanda babu sandar tsakiya, don ƙafafu su ratsa tsakanin hannuwa. Wayoyin birki da kuloci ana sake musu hanya su kwanta, don takalmi kada ya ɗauko su. Madigadin baya a gajarce shi. Tun da aka fara alkafura aka ƙara wasu ƙarafa biyu a kan babur, waɗanda ke tokare damtsen hannu lokacin da mahayi yake kife, don ya iya jawo jikinsa ya dawo kan siti.

Shokozoba kuwa ita ce rai. Ta motokuros tana da tafiyar kusan milimita 300 gaba da baya, kuma don tsalle ana ƙara mata tauri sosai, a rage saurin dawowarta. Idan ta baya ta yi laushi, za ta lotse a cikin lanƙwasar matashi, wato gadar da ake tashi daga kanta, ta sake da ƙarfi a daidai baki, ta harba gindin babur sama, mahayi ya tafi da ka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa babur ɗin haya na cikin gari, mai shokozobar da ba ta kai rabin wannan ba da firam ɗin da aka yi don ɗaukar fasinja, ba abin tashi ba ne ko da a tudun mita ɗaya.

Matashi da masauki

Matashin gasa na ƙarfe ne, tsayinsa ƙafa 8 zuwa 9, a lanƙwashe, an shimfiɗa masa ragar ƙarfe don taya ta kama. Tazarar da aka saba tsakaninsa da tudun sauka ƙafa 75 ce, kusan mita 23. Ana zuwa a giya ta biyu, da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, a riƙe totur daram har tayar baya ta bar ƙarfe. Mahayi yana kaiwa wajen mita 9 ko 10 daga ƙasa, kuma duk abin da zai yi sai ya gama shi cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya.

Lissafin nan ba ya yafiya. Nisan tsalle yana tafiya ne da gudu sau kansa, saboda haka kuskuren kashi 5 cikin ɗari a gudu, wato kilomita 3 kacal a awa, yana zama kashi 10 a nisa, fiye da mita biyu. Ka gaza, ka daki kafaɗar tudu, ƙasan firam ya bugi ƙasa, idon sawu da tsintsiyar hannu su sha. Ka wuce, ka sauka a fili inda babu gangaren da zai shanye nauyi, cinya da gadon baya su sha. Shi ya sa mai koyo ke fara da matashi a manne da tudu, yana ja da shi baya ƙafa biyar biyar, ba ya ƙarawa sai ya sauka wuri ɗaya sau da yawa a jere. Baburan ba su da agogon gudu. Da kunne ake auna ƙarar inji.

A sama akwai gyara iri biyu kawai. Kai ya yi sama da yawa: ka ja kuloci ka taka birkin baya, tsayawar tayar za ta sauko da kan. Idan ka manta kuloci inji ya mutu, ka sauka da tayar da ba ta juyawa. Kai ya nutse: ka murɗa totur iya ƙarfi, juyawar tayar baya ta ɗago shi kaɗan. Iska daga gefe ba ta da magani, sai dai a jira ta lafa.

Alkafurar baya ce ta raba tarihin wasan gida biyu. Carey Hart ya gwada ta a Gravity Games ta 2000, ya juya, ya taɓa ƙasa da tayoyi, ya faɗi. A 2002 Caleb Wyatt ya sauke ta lafiya, kuma a shekarar Mike Metzger ya yi biyu a jere a X Games ta Filadelfiya. Ranar 4 ga Agusta 2006 Pastrana ya yi mai juyi biyu a Los Angeles, a 2015 kuma Josh Sheehan ɗan Ostireliya ya yi mai uku. Ana fara juyin ne tun a kan matashi, da jan kai da ƙarin totur a baki. Wanda ya bar ƙarfe da juyi kaɗan ba zai samo shi a sama ba. Ramin soso ne ya sa koyonta ya yiwu: katon akwati cike da gutsattsarin soso, da ƙugiya a sama da za ta zaro babur da mahayi. Shi ma da haɗarinsa, don fetur na zuba daga babur kife a kan salansa mai zafi, soso kuwa da ya kama shi ke nan. Gazawar juyi ce ta kashe Jeremy Lusk na Metal Mulisha a Kosta Rika a Fabrairun 2009, yana da shekara 24, watanni bayan ya ci zinaren X Games.

Daga fata zuwa riga

Mahayan nan jikinsu cike yake da zanen tatu, to ba abin mamaki ba ne zanen ya hau riga. Hart ya buɗe shagon Hart & Huntington a otal ɗin Palms na Las Vegas a 2004, rigunan shagon suka zama kasuwa mai zaman kanta. Travis Barker mai kiɗan ganga ya kafa kamfanin tufafi na Famous Stars and Straps a 1999, Sullen ta fito a 2001 da tsarin karɓar zane daga masu tatu na ainihi a buga da sunansu. Tambarin Metal Mulisha, ƙoƙon kai sanye da hular ƙarfe mai kama da ta sojan Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, ya jawo musu suka har wasu makarantun Kalifoniya suka hana sa shi. Maganar kayan Ed Hardy daban ce: Don Ed Hardy gwanin tatu ne na gaske, amma da Christian Audigier ya karɓi lasisin zanensa sai aka liƙa shi a kan komai, da duwatsu masu ƙyalli, har ya gundure mutane cikin 'yan shekaru.

Akwai kuma dalili na sana'a. Tsohon salon tatu na Amurka, wanda Sailor Jerry na Honolulu ya shahara da shi, baƙin layi ne mai kauri da launi uku ko huɗu, ja da kore da ruwan ɗorawa, saboda siririn layi yana bajewa a fata da shekaru. Bugun raga, wato buga zane a riga ta hanyar tura tawada ta cikin raga, shi ma abin da yake so ke nan: kowane launi da ragarsa, kowace raga da kuɗinta, baƙin layi kuma yana rufe 'yar tazarar da ke tsakanin launuka.

A kan baƙar riga, wadda ita ce tasu, sai an fara buga farin shimfiɗa da raga mai zare 110 zuwa 156 a inci, a ɗan gasa shi ya daina manne wa yatsa, sannan launuka su hau. Shimfiɗar ana rage mata faɗi kaɗan, in ba haka ba fari zai leƙo a gefe. Zanen baƙi da toka mai inuwa, irin na fuska ko fure, ana mai da shi ɗige-ɗige, layi 45 zuwa 55 a inci, a buga da raga mai zare 230 zuwa 305. Raga mai faɗin ido tana haɗiye ƙananan ɗigon, inuwar ta koma dunƙule. Tawadar plastisol, wato tawada mai roba, sai ta kai wajen digiri 160 na Salshiyas har cikinta. Wadda saman kawai ya gasu tana da kyau a shago, wanki biyu ta tsage. Gwajin mai sauƙi ne: ka ja bugun da hannu biyu, in ya fashe bai nuna ba. Babban zane mai rufe ƙirji da plastisol yana zama kamar leda, shi ya sa ake amfani da tawadar da ke cire rinin yadi ta maye gurbinsa, amma ita sai auduga zalla. A kan yadin roba zafin gashi yana tayar da rinin, farin ƙoƙon kai a jar riga ya wayi gari ruwan hoda.

Mallakar zane na hannun wanda ya zana, ko da a jikin wani yake. Kamfanin da ya san aikinsa yana rubuta yarjejeniya da mai zanen: kuɗi dunƙule ko kaso a kowace riga, shekara nawa, da irin kayan da za a buga a kai. Mai sayen irin waɗannan riguna a gwanjo kuma yana iya gane jabu ta hanyar ɗaga bugun ga haske. A ta ainihi inuwar ɗige-ɗige ce, a jabu kuwa sau da yawa takardar roba ce aka manna da guga, za ka ji bakinta da farce.